Tauraro Marar Suna A Allon Motar Baba

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo wai na bar ku a rataye tun shekaranjiya, ku yi haƙuri, rezon waya ne ya yi mana yaji a Tanut. Ku kuma masu zagin Raishatu wai ta cika baƙin rai, ku karanta wannan shafin tukuna, in kun gama sai mu yi magana.

* * *

Da takardar a hannunta ta yi sallama ɗakin mahaifinta.

Alhaji Attahir na kwance inda yake kwance yau kwana arba'in da ɗaya, tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar raƙuma, ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke. Zuhaira, autar gidan, tana zaune a bakin gado tana ba shi kunu da cokali. In ya zubo, sai ta sa bakin mayafinta ta goge masa gemu.

Raishatu ta durƙusa can kusa da ƙofa, inda ta saba durƙusawa tun tana yarinya.

"Baba ina kwana. Ya ƙarfin jiki?"

Idonsa na kan Zuhaira. Bai ɗauke ba.

Kada ku ɗora wa ciwo laifi, ba shi ya kawo wannan ba. Raishatu 'yar fari ce. Ana yaye ta aka kai ta Olelewa wurin kakarta Hajjo, uwar Alhaji. Can ta girma, can ta fara karatu, har ta zama ungozoma a gidan likita na Tarka, can yamma da Tanut. Shekararta talatin da huɗu, ba ta taɓa jin sunanta a bakin ubanta ba. "Waccan." "Ta Hajjo." In ta kama dole, "ke". Na san za ku ce ai alkunya ce, haka ake yi wa ɗan fari ko'ina a Damargu. Ita ma ta sani. Amma sanin sunan ciwo bai taɓa hana shi zafi ba.

"Baba, sallama na zo yi maka."

Zuhaira ta sake cika cokali.

"Na nemi a canza min wurin aiki, kuma an amsa. An ba ni Gaya."

Cokali ya tsaya a hannun Zuhaira.

"Gaya? Ta can bakin iyaka?"

"Akwai wata ne bayan ita?" Raishatu ta amsa ba tare da ta dube ta ba. "Gobe zan kai takardar Damagaram in sa hannu. In na sa, ba dawowa."

Ta matsa da gwiwa, ta ajiye takardar a kan gado kusa da hannunsa mai lafiya, ta koma mazauninta. Ba wani abu mai yawa take jira ba, wallahi. Ko tsaki ne. Ko harara. Ko ya ture takardar ta faɗi ƙasa, ta san dai ya ji zafin tafiyarta.

Alhaji ya juyar da fuskarsa bango.

"Allah ya sa alheri, Yaya," in ji Zuhaira. Da sauri ta faɗa, kamar mai tsoron kada a fasa.

Raishatu ta miƙe. Ta juya ta nufi waje. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da mahaifiyarta.

"Ta Hajjo, ba kya tsaya ki sa wani abu a cikinki ba?"

"Na ƙoshi, Inna."

Ta wuce. Takardar ma a kan gadon ta manta da ita.

* * *

A tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kwano, motar take.

Kun dai san ta. Farar ƙatuwar nan da Alhaji ya sayo sabuwa dal daga kamfanin dillalai a Yamai, wadda ranar da ta shigo Tanut har masu shayi suka bar tukunya a wuta suka biyo ta. Kujerunta fata, cikinta sanyi kamar randa, gabanta da allo mai faɗin faranti. Raishatu sau biyu ta taɓa shigarta, duka a baya. Kujerar gaba ta Zuhaira ce. Makullin ma tun da Alhaji ya kwanta yana rataye a wuyan Zuhaira, tare da sarƙarta.

Raishatu na tsaye tana neman takalminta sai ga Zuhaira ta fito a guje, waya a kunne, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

"Ka shigo gari? Alhamdulillahi! Ka tambayi gidan Alhaji Attahir mai raƙuma, kowa ya sani. E, ina nan, ina nan!"

Ta kashe wayar ta fara yaye wa motar tamfol.

"Wa ke zuwa?" in ji Raishatu.

"Mutumin kamfani. Wata biyar muna jiran sa! Allon nan ne ya maƙale, ba rediyo, ba karatun Alƙur'ani, in za ka yi baya ma kyamara ba ta nunawa. Sun ce ba aikin sifana ba ne, sai an turo musu mizajur, wato sabuwar manhaja, daga ƙasar da aka ƙera motar, su zo su ɗura mata. Kullum sati mai zuwa, sati mai zuwa. Yau dai Allah ya yi."

"Uhm."

"Mene ne kuma uhm?"

"Ba komai. Uban mutum na kwance ba baki, shi kuma rediyon mota ne ya hana shi barci."

Zuhaira ta yi kamar ba ta ji ba. Ta buɗe ƙofa ta shiga mazaunin direba, ta danna maɓalli don batir ya ɗan farfaɗo kafin baƙon ya iso. Injin ya tashi a hankali. Allon ya kawo haske.

Sai wata murya ta mace, mai sanyi, ta yi magana da Faransanci daga cikin motar. Ta ce hanya zuwa wuri na ɗaya, kilomita ɗari da goma sha biyu.

Hannun Zuhaira ya kai wa maɓallin kashewa cafka.

Ta makara. Raishatu ta riga ta buɗe ɗaya ƙofar, ta zauna a kujerar gaba, ta riƙe mata wuyan hannu.

"Bar shi."

"Yaya, sake ni."

"Na ce bar shi. Wane wuri ne na ɗaya?"

"Shirmen na'ura ne. Ai shi ne lalacewar. Duk lokacin da aka tada ta haka take faɗa."

Raishatu ta zuba wa allon ido. Taswira ce, amma fayau, launin ƙasa kawai, ba hanya ba sunan gari, don masu zana ta ba su san da zaman dajinmu ba. Can gefen yamma ga wani ɗan tauraro rawaya. Inda ya kamata a rubuta sunan wurin, ba komai. A ƙasa kuma jerin ranaku ne, shi kaɗai ke motsi in an taɓa.

Ta sa yatsa ta ja.

Alhamis. Alhamis. Alhamis. Alhamis.

Ta ja, ta ja, abin ya ƙi ƙarewa.

"Sau nawa ke nan?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga miki. Ya haura sittin." Ta juyo. "Kowace Alhamis Baba yana cewa zai je duba garke. Garkenmu gabas yake. Wannan yamma ne."

Zuhaira ta kau da kai.

Nan fa zuciyar Raishatu ta hau. Abin da ta shekara tana haɗiyewa ya taso gaba ɗaya, har kunnuwanta suka ɗau zafi.

"Me ya ɓoye miki a can?"

"Ni?"

"Ke mana! Wa yake da shi bayan ke? Garke ne ya ware miki? Ko rijiya ya haƙa da sunanki? Shi ya sa jikinki ke rawa a zo a gyara, ki samu mai nuna miki hanya ki je ki ga kayanki?"

"Yaya, ki rage murya, Inna za ta ji."

"Ta ji! Yau kowa ya ji! Ranar da na karɓo diflom ɗina na kawo masa, ko hannu bai sa ya karɓa ba, ya ce a kai wa Hajjo ta gani. Ke kika faɗi jarrabawa sau biyu, aka yanka miki rago wai kada ranki ya ɓaci!"

"Yaya..."

"Bara da na faɗo daga kan babur, zan je karɓar haihuwa a rugar Fulani, ƙashin kafaɗata ya karye, kwana nawa na yi a kwance? Wa ya zo? Direban kasuwa aka aiko da buhun shinkafa! Ke kuwa ciwon haƙori kika yi, a wannan motar aka kai ki Damagaram, kina kwance a wannan kujerar da nake kai!"

Ta bugi kujerar da tafin hannu.

"Ba dukiyarsa nake so ba, Allah ya sani. Ku cinye. Amma a ce har a yankin da nake aiki zai je ya yi miki ajiya, sati-sati, ya wuce ni kamar kututture? Ko ruwa bai taɓa tsayawa ya sha a gidana ba!"

Zuhaira ta yi dariya.

Ba dariyar daɗi ba. Wata 'yar gajeriya mai ɗaci, wadda Raishatu ba ta taɓa ji a bakinta ba.

"Kin gama?"

"Au, dariya ma na ba ki?"

"Na ce kin gama? To ja jerin nan zuwa watan Maris."

"Don me?"

"Ja dai. Ke ce mai karatu."

Raishatu ta ja, tana huci.

"Me kika gani?"

"Ba komai. Sati uku bai je ba."

"Ina kike a sati ukun nan?"

Raishatu ta tuna. A Maris ɗin nan aka tura su Damagaram ƙaro sani. Sati uku cif.

"Yanzu koma bara, farkon damina," in ji Zuhaira. "Nemi inda ba Alhamis ba."

Yatsan Raishatu ya yi nauyi. Ta ja a hankali.

Litinin. Talata. Laraba. Alhamis. Juma'a.

Kwana biyar a jere.

"Wace rana kika faɗo daga babur, Yaya?"

Ranar Lahadi ce da la'asar. Ba za ta taɓa mantawa ba.

"Ba garke a can," in ji Zuhaira. "Ba rijiya. Tudun yashi ne da itacen aduwa guda ɗaya. In kika tsaya a gindinta, kina hango ƙofar baya ta gidan likitanku, wadda kuke fitowa ku wanke hannu."

"Ƙarya kike."

"Da ma ƙaryar ce, da na fi ki murna."

"Ƙarya kike, Zuhaira!"

"To saurara. Ran nan idonsa na ciwo, ya ce in zo in tuƙa shi. Na ɗauka garke za mu. Muka yi ta keta daji, yana nuna min da hannu, har muka hau tudun nan. Ya ce in kashe mota. Ya fito da butar shayinsa. Awa uku muna zaune, ban san me muke jira ba. Can sai ga ki kin fito da farar riga da koren ɗankwali, kina zazzaga wa wani mutum masifa, wai don me zai bar matarsa ta kwana biyu tana naƙuda sannan ya ɗoro ta a amalanke. Har kika cire takalmi kika yi kamar za ki jefe shi."

Raishatu ta dafe baki. An yi haka. Ba ta taɓa ba kowa labarin ba, don kunyar abin take ji.

"Kin san me Baba ya yi?"

Ta girgiza kai.

"Murmushi. Wani irin murmushi da ni tunda nake ban taɓa samu ba. Ya ce, 'Kin ga faɗan nan? Na uwata ne sak. Duk ƙasar nan ba mai hannunta.' Ya kurɓi shayinsa. Kika koma ciki, ya ce in tada mota mu tafi."

Hawaye ya zubo wa Zuhaira, ta sa bayan hannu ta share da ƙarfi kamar mai jin haushinsa.

"Kafin mu sauko ya ce in sa wa na'urar nan ta riƙe wurin, don in damina ta sauka hanyar ɓacewa take. Da hannuna na sa tauraron nan, Yaya. Da hannuna! Na'urar ta ce a rubuta suna. Na ce, Baba wane suna zan sa? Ya yi shiru. Na sake tambaya. Ya dubi waje ya ce, 'Bar shi haka.'"

Raishatu ta dubi gurbin da ba komai a cikinsa.

Ko a cikin mota, ko a gaban na'ura, bakinsa bai iya ba.

"Me ya hana shi saukowa?" in ji ta. "Taku nawa ne daga tudun?"

"Na tambaye shi. Ya ce shi Attahir ɗan Hajjo, a gan shi ya taka ya je gaida 'yar fari? Ya ce ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba. Ya ce ganin ya ishe shi." Ta ja hanci. "Lokacin da kika karye, shi ya ɗauko mai ɗori daga Belbeji, ya sauke shi a bayan gari ya ce kada ya kuskura ya faɗi wanda ya aiko shi. Kwana biyar yana fita da asuba. Ba ya hango ki ma, kina ɗaki. Ƙofar kawai yake kallo."

Ku da kuke cewa Zuhaira baiwar Allah ce, ba ruwanta, ku gyara zama.

"Tun yaushe kika sani?" in ji Raishatu.

"Shekara ɗaya da rabi."

"Kika yi shiru."

"Na yi."

"Kina kallo ina shigowa gidan nan kamar baƙuwa, ina fita da kuka, kika yi shiru."

"Na yi! Kuma da ba ki shigo motar nan ba, da har abada ba za ki ji ba!"

Ta juyo gaba ɗaya, idanunta jawur.

"Ke kina ganin ni aka fi so ko? Zuhaira kawo ruwa. Zuhaira dafa shayi. Zuhaira zo ki ba ni dariya. Sunana kamar na kyanwar gida, sau ɗari a wuni. An yanka min rago da na faɗi jarrabawa, e, don ba wanda ya taɓa sa ran zan ci! Diflom ɗinki da kike cewa bai karɓa ba, ya sa an yi masa hotonsa, yana cikin aljihun motar nan, buɗe ki gani. Ni ina gabansa kullum, bai taɓa tuƙa ko kilomita ɗaya don ya kalle ni ba. Ke sai ya yi ɗari biyu da ashirin da huɗu, zuwa da dawowa, don ya ga kin wanke hannu!"

"Zuhaira..."

"Da allon nan ya maƙale, kin san me ya ce? Ya yi dariya ya ce a bar shi, ai motar ta san inda ya kamata. Duk ranar da na tada ta, sai matar nan ta faɗa min. Wuri na ɗaya. Wuri na ɗaya. Ko kasuwa za ni, sai an tuna min ni ce ta biyu!"

Raishatu ta sake duban tauraron.

"Shi ya sa kike damun kamfani."

"Sun ce in aka ɗura sabon, duk abin da ke ciki gogewa zai yi. Tauraro, ranaku, komai." Ta haɗiye yawu. "Ni na yi ta kiran su, ba Baba ba. Ɗazu da kika ce Gaya, wallahi daɗi na ji. Na ce ta tafi ba ta sani ba, a goge wannan, Baba ba baki. Ya zama nawa ni kaɗai, ko sau ɗaya."

Suka dubi juna. Uwa ɗaya uba ɗaya, kowace ta ƙare ƙuruciyarta tana leƙen kwanon 'yar uwarta.

"Salamu alaikum! Masu gida!"

Wani dogon mutum ne a bakin zaure, da riga mai tambarin kamfani, da jaka a kafaɗa, ya yi buɗu-buɗu da ƙurar hanya.

"Sunana Ilyasu, daga Yamai. Kai, Tanut da nisa take! Wace ce Hajiya Zuhaira mai kiran mu safe da yamma? Har shugabanmu ya haddace lambarki."

Zuhaira ta goge fuska ta fito.

"Ni ce. Sannu da hanya, Malam."

"Yawwa. Ba zan daɗe ba, minti arba'in ne." Ya zauna inda ta tashi, ya zaro wani ɗan ƙarfe kamar yatsa daga jaka, da takarda da biro. "Madam, sannu," ya ce wa Raishatu. "Ko za ki ɗan ba ni wuri?"

Ba ta motsa ba.

"Malam Ilyasu, in ka sa abin nan, wannan tauraron fa?"

"Zai tafi. Komai zai koma kamar ranar da ta fito daga kamfani."

"Ba yadda za a yi a bar shi?"

"Ai shi ne ma ya riƙe ta, Madam. In ba a share ba, sabon ba zai zauna ba. Ki ɗauki hotonsa da waya mana, in kina so."

Hoto. Me hoto zai yi mata? Mutumin da bai taɓa ce mata komai ba, yanzu kuma bakin ya rufe, wataƙila har abada. Muryar matar nan ita kaɗai ce bakin da ya rage masa.

"To a bari sai wani lokaci."

Ilyasu ya sosa ƙeya.

"Gaskiya garantin motar ƙarshen watan nan zai ƙare. Ni kuma in na juya yau, ba mai sake turo ni arewa sai bayan damina. Amma ba ni da ta cewa. Wadda ta buɗe dosiye, wato ta kai ƙorafin kamfani, ita ke sa hannu." Ya miƙa wa Zuhaira takardar ta taga. "Hajiya, nan da nan."

Zuhaira ta karɓi biron.

Raishatu ta fito, ta zagayo ta gaban motar, ta tsaya a gabanta. Tunda aka haifi Zuhaira, ba ta taɓa roƙon ta ko allura ba.

"Auta."

Zuhaira ta kafe takardar da ido.

"Ki riƙe motar. Ki riƙe makullin, da kujerar gaba, da komai. Ki bar min wannan kawai. Sau ɗaya nake so ta kai ni wurin, in zauna inda yake zama."

"Sannan ki fasa Gaya."

"Ban sani ba."

"Kin sani. Ki fasa, ki dawo, ki zauna a bakin gadonsa. Ni kuma in koma kawo ruwa."

"Ƙanwata ce ke, Zuhaira."

"Yau kika tuna?"

Ta dubi yayarta, ta dubi allon, inda ɗan tauraron ke ƙyalli a tsakiyar fili.

Ta ɗora takardar a kan murfin injin.

Ta sa hannu.

"Madalla," in ji Ilyasu, wanda bai san dawan garin ba. Ya cusa ɗan ƙarfen a ramin da ke ƙasan allon. Taswirar ta dushe. Wani rubutu ya fito da gurbi biyu, e da a'a.

"Da na danna nan, shi ke nan. Kada wanda ya kashe injin."

Ya ɗaga yatsa.

Sai suka ji ƙarar faɗuwar kwano daga cikin gida, da muryar Inna.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Alhaji! Alhaji, za ka faɗi!"

Su ukun suka waiwaya.

Alhaji Attahir ne a bakin ƙofar ɗakinsa. A tsaye. Mutumin da sai an juya shi kwana arba'in da ɗaya. Ya jingina kafaɗar hagu da dogarin ƙofa, ƙafar dama na jan ƙasa, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Inna na riƙe da shi ta baya tana salati.

A dunƙulen hannunsa mai lafiya, takardar Gaya ce, ya cukuikuye ta.

"Baba!" Zuhaira ta yar da biron ta nufe shi.

Bai dube ta ba.

Karo na farko tunda aka haife ta, idon Alhaji ya tsallake auta. Ya wuce ta, ya wuce motar, ya sauka a kan wadda ke tsaye a rana, ya tsaya cak. A gaban matarsa. A gaban baƙo.

Yau Raishatu ba ta durƙusa ba.

Karkataccen bakinsa ya motsa. Iska kawai ta fito. Ya runtse ido, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya sake gwadawa.

Inna ta saki rigarsa ta toshe bakinta da hannu biyu, don ta gane harafin da leɓensa ke nema, harafin da shekara talatin da huɗu bai taɓa bari ya fito ba.

"Rrr..."

"Hajiya," in ji Ilyasu a hankali, yatsansa na kan allo, "in danna?"

"Ra... Ra'i..."